Gyaran Banɗakin Gidan Haya: Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Tafi?

Duk wanda ya taɓa raka mai neman haya duba gida ya san inda ciniki ke ƙulluwa ko ya watse. Falo leƙawa ake a wuce. Ɗakin kwana a auna shi da ido, a ga ko zai ci gado da sif. Amma idan aka zo banɗaki sai an tsaya. Maigida ya murɗa famfo ya ga ko da ruwa, uwargida kuwa wani lokaci ba ta ko shiga, tun daga bakin ƙofa hancinta ya gaya mata abin da take son sani. Masu gidaje sun san da haka, dillalai ma sun sani, shi ya sa da zarar ɗan haya ya kwashe kayansa banɗaki ne ke fara shan gyara. Sai dai gyaran da aka saba bai wuce a goga fenti, a canza kan shawa, a zuba abin ƙamshi a rariya, a kira dillali ba. Kafin damina ta zagayo fentin ya kumbura, bangon ɗakin da ke jingine da banɗakin ya jiƙe, sabon ɗan haya ya fara buga waya.

Ba na ganin laifin mai gida idan ya nemi sauƙi da sauri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, kuma yawancin kawunan famfo da tukwanen masai da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Ga shi haya a nan ta shekara ce, duk makon da gida ya yi babu kowa asara ce da ba ta dawowa. Mai ɗakunan ɗalibai a Samaru ko a kewayen Jami'ar Bayero ma lokacinsa ya fi ƙuntata, don tsakanin tafiyar wasu da zuwan wasu ba wata tazara. Saboda haka neman gyara mai sauri da araha halal ne. Abin tambaya shi ne a kan me za a kashe ɗan kuɗin da ake da shi.

Amsata ita ce kuɗin ya bi ruwa: inda yake shigowa, inda yake zuba, da inda yake fita. Abin da ya ragu bayan nan sai a yi ado da shi.

Yana da kyau a fara da abin da ake gani a waya, don shi ke ruɗin masu gidaje da yawa. A Amurka da Kanada akwai kamfanoni irin su Bath Fitter da ke zuwa su auna tsohon kwamin wanka, su ƙera masa rigar roba daidai jikinsa, su ɗora a kai tare da allunan bango, sau da yawa cikin yini guda. Akwai kuma masu fesa wa kwami sabon fenti mai ƙyalli. Waɗannan dabaru suna aiki a can saboda yadda banɗakinsu yake: ruwa a cikin kwami yake tsayawa, bayan labule ko gilashi, ƙasan banɗakin a bushe yake, har shimfiɗa ake yi a kai. Namu ba haka yake ba. A nan ana wanka da bokiti, ana tsarki da buta, ana alwala, ana wankin kayan yara, ana kwara ruwa a wanke ƙasa baki ɗaya. Tun daga ƙofa har ƙurya babu inda ruwa ba ya taɓawa. Duk gyaran da ya manta da wannan, ko nawa aka kashe masa, ba zai yi ƙarko ba.

Kafin a sayi komai sai an san ciwon banɗakin, kuma binciken ba ya cin ko kwabo. A ɗauki makulli a bi tayil ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama sosai ƙararsa gajeriya ce, a daƙile. Wanda ya saki kuwa sai ka ji ya amsa da ƙarar rami, alamar akwai iska a ƙarƙashinsa, kuma inda iska ta samu wuri ruwa ma ya samu. Daga nan a cika bokiti a kwara a kusurwar da ta fi nisa da rariya, a tsaya a kalla. Idan ruwan ya miƙe ya nufi rariya ya shige, daɓen lafiya lau yake. Idan ya tsaya bayan masai, ko ya juya ya nufi ƙofa, an gano babbar matsala. Sannan a fita a zagaya bayan bangon, ko a shiga ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, a shafa hannu daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. Fenti mai kumbura da wani farin gari kamar kanwa da ke tsatsafowa daga filasta shaida ce cewa ruwa ya daɗe yana ratsa bulo. Idan gidan bene ne, a ɗaga kai a duba silin ɗin da ke ƙarƙashin banɗakin. A ƙarshe a rufe duk famfunan gidan da dare, a sa alama a tanki, da safe a duba. Idan ruwa ya ragu, akwai inda ke yoyo, mai yiwuwa bututu ne a cikin bango.

Banɗakin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ba ya buƙatar guduma. Wanki mai kyau, a kankare tsohon farin simintin da ke tsakanin tayil a cika sabo, a cire tsohon silikon da ya yi baƙi a gefen abin wanke hannu a zuba sabo, a canza kan famfo da murfin masai, a yi wa saman bango da silin fenti. Aikin kwana biyu ne, kuma mai shigowa zai ɗauka sabo ne. Gargaɗi ɗaya a nan: masu wankin tayil da asid suna sa shi ya yi haske nan take, amma asid yana cinye simintin tsakanin tayil, yana kuma ɓata ƙyallin famfo. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da bilic irin su Hypo, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, balle a ɗaki ƙarami mai taga ɗaya.

Sai maganar kwamin wanka, wanda ya cika tsofaffin gidajen ma'aikata da na unguwannin GRA a Kaduna da Kano da Jos. A gidan haya na talaka da mai matsakaicin ƙarfi, hukuncina a kansa shi ne a cire. Kwami na yau da kullum yana cin kusan lita 150 kafin mutum ya kwanta a ciki, wato jarka 6 ta 'yan garuwa mai lita 25, alhali bokiti ɗaya mai lita 15 zuwa 20 ya ishi babba wanka. A unguwar da ruwan famfo ke yin kwanaki bai zo ba, wa zai cika shi? Abin da ke faruwa shi ne a tsaya a cikinsa da bokiti, ko a mayar da shi wurin tara ruwa ko jiƙa wanki. Ga shi da santsi, ga tsallake baki mai tsayi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, abin da ke da haɗari ga tsoho da mai ciki da yaro. Mutane da yawa kuma ba sa samun natsuwa da wankan tsarki a wurin da ruwan da suka zuba yake taruwa a ƙafarsu idan magudanar ta yi nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarƙashinsa. Yawanci bulo ake jerawa a rufe gefensa a sa tayil, ba a bar ƙofar dubawa ba, sai mahaɗar bututunsa ta yi shekaru tana ɗiga cikin duhu ba wanda ya sani, ta zama gidan kyankyasai.

Akwai inda barinsa ke da ma'ana. Gida mai tsada a Maitama ko Asokoro, ko wanda ake bayarwa haya ta kwanaki ga baƙi, masu shigarsa suna sa ran ganin kwami aƙalla a babban ɗaki, kuma akwai ruwa da wutar da za su ɗauke shi. A irin wannan wuri, idan kwamin na ƙarfe ne mai nauyi kuma bai huje ba, ana iya goge shi a fesa masa fentin da aka yi domin haka, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Amma a sani rufi ne kawai, 'yan shekaru yake yi, kuma bokitin ƙarfe ko soson waya yana kankare shi da wuri. Aikin kansa ba na wasa ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutuwar ma'aikata 13 tsakanin 2000 da 2011 a wajen sabunta kwamin wanka, sakamakon shaƙar sinadarin cire fenti mai suna metilin kulorayid a banɗaki marar iska, kuma a 2019 aka hana sayar wa jama'a masu cire fenti da ke ɗauke da shi a ƙasar. Duk mai gidan da zai sa yaro ya yi masa irin wannan aiki, haƙƙi ne a kansa ya tabbatar taga a buɗe take, fanka na jan iska waje, kuma ba a bar shi shi kaɗai ba.

Idan an cire kwami, ko kuma gwajin bokiti ya nuna daɓen ya lalace, nan ne ya kamata kaso mafi girma na kuɗin ya tafi. A fasa ƙasan, a sake daɓe da gangare na kusan santimita 2 a kowace mita 1 zuwa ga rariya. A kan daɓen a shafa maganin hana ratsawar ruwa, irin na Sika ko Dr. Fixit da ake samu a kasuwannin kayan gini, shafi biyu, a hau da shi bango kamar taƙi ɗaya a ko'ina, a wajen shawa kuwa har sama da kai. Kusurwa da bakin bututu su ne wuraren da yoyo ke farawa, can za a fi cikawa. Bayan ya bushe a toshe rariya, a tara ruwa a ƙasan ya kwana ya yini, a duba ko ya ragu ko ya ɓullo a wani wuri. Wannan gwaji shi ne abin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma a gidan bene tsallake shi ganganci ne, don ruwan da ya ratsa dekin yana sa rodi tsatsa, gyaransa kuma ya ninka kuɗin banɗaki sau da yawa. Sauri ya haifi nawa. Daɓe yana son kwanaki kafin ya kama, gam ɗin tayil yana son yini guda kafin a cika tsakaninsa, silikon ma haka kafin ya ga ruwa. Idan aka haɗa, aikin da aka yi da kyau zai ci mako guda zuwa kwana goma. Mai aikin da ya ce zai fasa ƙasa ya sake ta cikin kwana biyu, wani mataki zai tsallake.

Wajen zaɓen tayil, na ƙasa dabam, na bango dabam. Na ƙasa ya zama mai kaushi, marar ƙyalli, kuma ƙanana sun fi, domin suna bin gangare cikin sauƙi, yawan layukan tsakaninsu kuma yana riƙe ƙafa. Kafin a biya, a jiƙa guda ɗaya a shago a goga tafin hannu a kai. Na gida da ake yi a Ajakuta ta jihar Kogi da masana'antun jihar Ogun ya wadatar, ba sai na Sifen ko Italiya ba, kuma yana da wata fa'ida: idan ɗaya ya fashe bayan shekara biyu an fi samun irinsa. Duk da haka a sayi kwali ɗaya fiye da buƙata a ajiye. Launi kuma a guji fari tas a ƙasa, ƙurar hunturu da jar ƙasa ba sa barinsa, haka baƙi wuluk, wanda ke nuna duk ɗigon sabulu da gishirin ruwan rijiyar burtsatse. Ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi rufa asiri.

Akwai hanyar tsakiya da ke rage kwanaki da ƙura, wato a ɗora sabon tayil a kan tsoho da gam na musamman. Tana aiki, amma da sharaɗi: tsohon ya kama ko'ina, babu yoyo a ƙarƙashi, gangaren ma daidai yake, don sabon tayil siffar tsohon zai bi. Ƙasa za ta tashi da kusan santimita ɗaya, sai an datse ƙofa an ɗaga bakin rariya, a kuma lura kada banɗakin ya fi ɗaki tudu ruwa ya riƙa gangarowa kan kafet. Allunan roba da ake mannawa a bango su ma suna da sauri da sauƙin gogewa, sai dai a kan busasshen bango kaɗai. Manna su a kan bango mai danshi ɓoye cuta ne, kuma wanda zai kwana da warin funfuna shi ne ɗan haya da 'ya'yansa. Wannan ba tattali ba ne, algus ne, ko da babu dokar da za ta kama mai yinsa.

Bututu kuwa, tsofaffin gidaje da yawa har yanzu na ƙarfe ne a cikin bangonsu, sun yi tsatsa, cikinsu ya tsuke, ruwa na fitowa ja da safe. Ba sai an fasa bango an tono su ba. A kashe tsohon layin gaba ɗaya, a ja sabo na roba, irin koren nan da ake haɗawa da injin zafi, ta bayan gini, a huda bango daidai inda kowane famfo yake. Wasu na ganin hakan bai yi kyau a ido ba, amma a gidan haya ya fi: duk ranar da ya yi yoyo ana gani, a gyara cikin awa guda ba a taɓa tayil ba. Wanda ke fili a rana a rufe shi ko a yi masa fenti, don zafin rana yana busar da roba. A sa makashin ruwa guda a kan layin kowane banɗaki, yadda lalacewar famfo ɗaya ba za ta sa a rufe wa gida duka ruwa ba. Masai kuma kada a matsar da shi daga inda yake sai da dalili mai ƙarfi, kamar kawar da fuskarsa daga alƙibla, abin da masu haya da dama a Arewa suke dubawa. Matsar da shi yana nufin sabon rami da sabon layi zuwa sokawe.

Kan famfo shi ne wurin da araha ta fi cutarwa. Mai ƙyalli marar nauyi cikin watanni yake tsagewa. A ɗauka a ji nauyinsa, na tagulla ya fi, kuma irin da kowane shago ke da kayan gyaransa ya fi na ƙawa da ba a samun robarsa. Faffaɗan kan shawan nan da ke zubo ruwa kamar ruwan sama yana son ƙarfin ruwa, ƙarfin kuma daga tsayin tanki yake zuwa. Idan tankin bai fi mita 2 ko 3 sama da kan shawa ba, irin wannan kan ɗiga kawai zai riƙa yi. Ƙaramin kai mai manyan huji ya fi dacewa da gidajenmu, ya kuma fi sauƙin wankewa idan gishirin ruwa ya toshe shi. Sannan kada a manta da famfon ƙasa, daidai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, buta ma ta samu. Ɗan haya zai yi amfani da shi sau goma kafin ya kunna shawa sau ɗaya.

Wari, wanda shi ne ya fi korar masu neman gida, sau da yawa maganinsa ya fi komai araha. A ƙarƙashin kowace rariya ya kamata a samu lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ke tare iskar sokawe da kyankyasai. Wasu masu aikin famfo sukan haɗa rariya kai tsaye ba tare da shi ba. Wani lokaci kuma yana nan, amma gidan ya daɗe babu kowa, zafin bazara ya busar da ruwan, kofi biyu na ruwa ya isa ya dawo da shi. A duba kuma bututun numfashi na sokawe ko ya kai saman rufi. Taga mai raga da ke buɗuwa ta fi fankar jan iska amfani a garin da wuta ba ta tsayawa.

Hita kuwa a yi tunani kafin a saka. A Jos ko Zariya lokacin hunturu tana ƙara wa gida daraja, amma tana shan wuta sosai, kuma tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, masu mitar kati da yawa ba sa kunna ta. Idan za a saka, ƙarama mai lita 15 zuwa 30 ta isa, da layinta na kanta, da wayar ƙasa ta gaskiya, da na'urar da ke katse wuta idan ta fara zirara, makunninta kuma a wajen banɗaki. Wanda ba zai iya biyan waɗannan ba, ya bar hitar. Tsohuwa da ke maƙale a bango tana tsatsa, wayarta a tsirara, a sauke ta tun kafin kowa ya tare.

Game da ma'aikata, mai gida ya sayi kaya da kansa ko ya raka mai aikin kasuwa, a yi jinga a rubuce, a riƙe wani kaso har sai an yi gwajin ruwa a gaban kowa. Amma a biya mai aiki haƙƙinsa yadda ya kamata. Wanda aka matse masa kuɗi fiye da kima a gam da siminti zai fanshe, kuma a wurin da ido ba ya gani. Da ɗan haya ma a rubuta tun farko: robar famfo da toshewar rariya da gashi ko ledar omo nasa ne, yoyon cikin bango da cikar sokawe na mai gida. A ɗauki hoton banɗakin ranar ba da makulli, kowa ya riƙe, rigimar ranar tashi ta ragu.

Duk wannan bayani ya fi shafar gida mai banɗaki a ciki, alhali yawancin 'yan haya a Kurna ko Rigasa ko Tudun Wada banɗaki ɗaya suke rabawa da ɗakuna biyar ko goma, kuma shi ne wanda ba a taɓa gyarawa, don babu dillalin da ke tallata shi. Gyaransa bai kai rabin na sauran ba: daɓen siminti mai gangare da ɗan kaushi, rariya mai murfi, ƙofa mai sakata da ke rufuwa, ƙwan fitila, ƙusar rataye kaya, da raba wurin wanka da masai don layin safe ya ragu. A nan ne mata ke jiran dare kafin su yi wanka saboda ƙofa ta ɓalle, a nan ne tsofaffi ke zamewa a kan gansakuka.

Masu gidajen haya, kafin ku karɓi kuɗin shekara mai zuwa, ku shiga banɗakin da kanku da bokiti ɗaya na ruwa da makulli a hannu, ku gwada ƙasan da bangon. Abin da kuka gani ku gyara shi kafin ku kira mai fenti.